Aljanun Rufin Iya Lantana

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata tsohuwa ce, Iya Lantana, 'yarta ta yi mata rufin kwano don ta huta da yoyon jinka. Sai rana ta take, rufi ya ce ƙas! Da rana ta yi sanyi, sai ya sake cewa ƙas! Ta leƙa, ba kowa, ko ƙadangare.

Sai ta tafi wurin boka. Ya ce aljani ne, baƙar kaza yake so. Ta kai. Rufi bai daina ba, boka dai ya ɗan yi kumatu. Ta koma, ya ce ashe da matarsa, zakara take so. Ta kai. Rufi ya ce ƙas! Ta koma na uku, ya ce ai sun hayayyafa, sai dai a yaye kwanon.

Ga damina a bakin ƙofa. Sai ta nufi wurin maƙwabcinta, Jatau maƙeri, aron abin cire ƙusa, tana share hawaye.

"Iya, me kwanon ya yi miki?"

"Aljanu ne, ɗan nan, har da 'ya'yansu."

"Yaushe suke motsi?"

"Da azahar, sai kuma gab da magariba."

"Lallai aljanun nan sun fi ni kiyaye lokaci. Mu je in gaishe su."

Sai ya bi ta gida da tsakar rana, ya ɗebo ruwan randa ya watsa a kan rufin. Ƙas! Ƙas! Ƙas! Iya Lantana ta yi baya da sauri irin na 'yan mata.

Jatau ya ce, "Iya, ƙarfe in ya sha zafi miƙewa yake yi, in ya ji sanyi ya takure. An danne shi da ƙusa gam, shi ne yake ƙorafi."

Sai ya hau, ya sassauta ƙusoshin, ya sa wa kowace ƙusa roba a wuya. Ƙarar ta ragu, rufi ya zauna daram.

Bayan kwana uku aka kece da ruwa. Iya Lantana ta zauna tsakar ɗaki, ba ko ɗigo, tana ta sa wa 'yarta da Jatau albarka har muryarta ta dishe.

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗo. In ƙarfe ya yi muku magana, ku fara tambayar maƙeri.