Akushin Matafiyi

Akwai wani manomi a wani ƙauye, yana da aboki mai suna Jatau. Tare suka yi kiwon awaki suna yara, a rafi ɗaya aka yi musu baftisma, gonakinsu kuma suna haɗa iyaka. Jatau ba shi da kowa a duniya sai tsohuwarsa, wadda idanunta suka mutu, sai kuma wannan aboki nasa.

A ƙauyen nan suna da wata al'ada da suka gada daga kakanni. In mutum zai yi tafiya mai nisa, sai ya kai akushinsa gidan amininsa. Kullum da tsakar rana, lokacin da masu wucewa suka fi jin yunwa, za a zuba rabon matafiyi a cikin akushin, a ajiye a kan tabarma a zaure, maigida ya yi addu'a ya ambaci sunansa. Duk wanda yunwa ta shigo da shi zauren, baƙo ko maƙwabci, shi zai ci. Bangaskiyarsu ita ce, yadda suka ciyar da baƙo a nan, haka Allah zai sa wani ya ciyar da nasu a can. In matafiyi ya dawo, a miƙa masa akushinsa cike. In kuwa ya mutu a hanya, aminin ne zai kai akushin gidansu, ya kife shi a gaban danginsa. Al'ada ce mai kyau, ni dai ban ga laifinta ba.

Wata shekara Jatau ya sayar da gyaɗarsa da awakinsa, ya ɗaura niyyar zuwa wani babban gari a bakin teku, a wata ƙasa, domin ya sayo injin niƙa. Ya kawo akushinsa yana dariya, ya ce, "Ga shi nan, aboki. Kada ka bar ni da yunwa."

Manomin ya ce, "In dai ina numfashi, ba zai wuni a bushe ba."

Ya kuwa cika alkawari. Matarsa Kande tana zubawa, shi yana addu'a, masu wucewa suna ci suna sa albarka.

Ana nan, damina ta kusa ƙarewa, sai wani direban motar albasa ya yi sallama a ƙofar gidan. Ya ce, "Kai ne abokin Jatau? Na gan shi a tashar garin bakin teku. Ɓarayi sun tare motarsu, sun kwashe kuɗin injin, har takalmin ƙafarsa ba su bari ba. Ba ya jin yaren mutanen, su ma ba sa jin nasa. Ya yi ta dako yana samun na koko, har zazzaɓi ya kayar da shi. Na so in ɗauko shi, amma motar ba tawa ba ce, mai ita kuma ba ya ɗaukar wanda ba zai biya ba. Jatau ya ce in faɗa maka, kai kaɗai. Jibi zan koma. In ka ba ni kuɗin mota da na magani, zan sa masa a hannu."

To, lokacin ba a yi girbi ba, babu kuɗi a gidan. Amma akwai rago, fari, ƙato, wanda manomin yake turkawa domin sujadar godiya ta kaka. Kowace shekara ragonsa ne ake ja zuwa gaban majami'a, mutane suna juyowa suna kallo.

Kande ta ce a hankali, "Maigida, ai ga rago."

Ya ce, "Wannan na Allah ne, na riga na yi alkawarinsa. Kuma wa ya san direban nan?"

Ragon na Allah ne, gaskiya. Sai dai kallon da ake yi masa a majami'a, wannan na manomin ne, kuma shi ne bai iya rabuwa da shi ba. Ya fita ya ce wa direban, "Ka gaishe shi da kyau. Ka ce muna yi masa addu'a, akushinsa kuma bai taɓa wuni a bushe ba." Direban ya dube shi, ya juya ya tafi.

Da manomin ya koma ciki zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya ce wa Kande daga yau ta ƙara tuwon, ta sa nama a miyar.

Tun daga ranar ba wanda ya ƙara cin abincin akushin nan. Mai wucewa zai shigo da yunwarsa, ya zauna, ya dubi akushin, sai ya miƙe ya ce ya ƙoshi. Karen gidan, wanda ba ya raina ko ɓawon rogo, ya tsaya daga bakin ƙofa ya sunsuna, ya koma da baya wutsiyarsa a matse. Ƙuda ba ya sauka a kai. Tururuwa in sun jero suka iso bakin tabarmar, sai layinsu ya rabu biyu, su kewaye ta. Tuwon kuma ba ya hucewa. Har rana ta faɗi yana tururi, kamar yanzu aka kwashe shi daga tukunya.

Kande ta tsorata. Ta ce, "Maigida, abincin nan ba ya karɓuwa."

Ya ce, "Ki ƙara man shanu."

Wata rana ƙotar fartanyarsa ta karye a gona, ya dawo gida da tsakar rana ya ɗauki wata. Ƙauyen tsit, kowa yana gona, ko kukan kurciya babu. Yana sa ƙafa a zaure sai ya ji warin ɗanyen kifi da ruwan gishiri, a ƙauyen da ko tafki babu. Sa'an nan ya ga mutum zaune a bakin tabarma, ya ba ƙofa baya. Ƙafafunsa ba takalmi, sun tsattsage. Wuyansa ya zama kamar kara. Rigar kuwa manomin ya san ta, shuɗiya ce mai faci a kafaɗa, da ita Jatau ya tafi. Hasken rana yana shigowa ta ƙofa yana sauka a kan mutumin, amma babu inuwarsa a ƙasa.

Mutumin ya miƙa hannu wajen akushin. Saura kaɗan ya taɓa, amma bai taɓa ba. Bai waiwayo ba, ya yi magana da muryar da ta dushe.

"Aboki, hannuna bai kai ba."

Manomin ya matso kusa. Ya durƙusa, ya tura akushin gaba. Akushin ya matsa, ya ji ƙararsa a kan tabarma, amma tazarar da ke tsakaninsa da yatsun nan tana nan yadda take. Ya sake turawa, ya sake turawa, har akushin ya kai bakin tabarmar.

"Bai kai ba, aboki."

Sai ragon ya yi kuka a cikin gida. Manomin ya waiwaya, da ya juyo babu kowa a zauren. Tuwon yana nan yana tururi, wurin da mutumin ya zauna kuma da danshi.

A ranar ya kwance ragon ya ja shi kasuwa, ya sayar a kan abin da aka fara tayawa. Bai jira direban albasa ba. Ya zubar da tuwon, ya sa akushin a jaka, ya bi mota zuwa mota har ya ƙetare iyakar ƙasa, ya isa garin bakin teku. Yana sauka a tashar ya ji warin nan na zaurensa.

Ya yi ta tambaya da hannu, har wata mai sayar da kunu ta nuna masa bayan tasha. A can ya sami Jatau kwance a ƙarƙashin wata matacciyar mota, ya zama ƙashi da fata, hannunsa na dama a miƙe a kan ƙasa. Manomin ya sayi kunu ya zuba a akushin, ya ɗaga kan abokinsa, ya kai masa har baki.

Jatau ya sha kaɗan, ya buɗe ido, ya ce, "Ka zo." Ya shafa bakin akushin da yatsunsa. "Kullum da rana ina ganinsa a gabana, cike, yana tururi. Har ƙamshin miyar Kande nake ji. In na miƙa hannu, ba ya kaiwa. Rannan na ga kana tura mini shi. Na gode da ka gwada, aboki."

Da zaginsa Jatau ya yi, da manomin ya fi jin sauƙi. Ya sunkuyar da kai ya yi ta kuka.

Ya kai shi wurin mai magani. Mai maganin ya duba shi, ya sa wani ya fassara, ya ce zazzaɓin nan ba wani abu ba ne in an tare shi da wuri, amma yunwa ta riga ta buɗe masa hanya. Manomin ya sayi maganin duk da haka, ya biya kuɗin motar mutum biyu. Kafin su kai iyakar ƙasa Jatau ya cika, kansa a kan cinyar abokinsa. A gefen hanya aka binne shi, a ƙasar da ba a san sunansa ba.

Da manomin ya dawo ƙauye, ya wuce gidan tsohuwar. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta karkata kunne, ta ce, "Takun mutum ɗaya nake ji."

Ya durƙusa a gabanta, ya kife akushin a ƙasa. Ta laluba, ta taɓa gindinsa a sama, ta gane. Sai ta ɗora hannu a kansa, ta ce, "Ɗana, an faɗa mini kullum kana cika masa shi, har da nama. Allah ya yi maka albarka."

Manomin bai iya cewa amin ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, taimakon da ka ajiye a inda hannun mabukaci ba zai kai ba, ba shi ka taimaka wa ba, zuciyarka ka lallasa. Akushin nan shi ne dukan kyawawan abubuwan da muke yi daga nesa domin mu ji mun yi wani abu. Ragon kuwa shi ne abin da muke riƙewa mu ce na Allah ne, alhali namu ne, sunan Allah kawai muka ɗaura masa a wuya. Allah ba ya cin nama. Da ragon nan ya dawo da Jatau gida da ƙafafunsa, da ita ce godiyar kaka mafi girma da aka taɓa kaiwa gaban majami'ar ƙauyen.

Na san wani zai tare ni bayan an tashi, ya ce, Malam, to wane ne ya zauna a zauren, fatalwa ce? Ban sani ba, kuma ba fatalwa nake so ku ji tsoro ba. Ubangiji ya san yadda zai tayar da lamirin da ya yi barci. Abin da yake ba ni tsoro shi ne, sai da manomin ya ga abin da ya tsinka masa zuciya kafin ya motsa, alhali tun farko an aiko masa mutum mai rai, da rana tsaka, ya faɗa masa gaskiya a ƙofar gidansa.

Kada wani ya fita ya ce na hana addu'a. Ku yi addu'a, ku yi da yawa. Amma wanda ya roƙi Allah ya aika wa abokinsa taimako, ya kamata ya duba ko shi ne aka aika. Ubangijinmu Yesu bai cika mana akushi a sama ya ce mu miƙo hannu ba. Ya san hannunmu ba zai kai ba, sai ya sauko da kansa har bayan tashar da muke kwance.

A yau 'yan'uwanmu da yawa suna ƙasashen waje, wasu karatu, wasu neman abinci. Wata rana wayarka za ta yi ƙara, ka ji muryar da ka sani tana cewa an sace mini komai, ba ni da na komawa. Na san akwai 'yan damfara masu aron sunan mutane, don haka ka bincika, ka kira, ka tambayi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Amma ka yi binciken a ranar, kada shi ma ya zama wani akushin da za ka yi ta turawa a kan tabarma. In ka tabbatar shi ne, ka kwance ragonka. In naka bai isa ba, ka zo ka faɗa wa ikilisiya, mu haɗa hannu.

Yanzu ina so kowa ya yi shiru, ya tuna ko akwai wanda ya aiko masa, ya amsa da "Allah ya kawo sauƙi" ya ajiye wayar. In akwai, mutumin nan har yanzu hannunsa a miƙe yake. Ku neme shi yau, tun akushinsa yana kallon sama.

Ubangiji ya ba mu ƙafafun da za su bi addu'armu har inda muka aike ta. Amin.