Sikeli a Taron Masu Hannun Jari

An taɓa yin wani bawan Allah a wani babban gari, shekaru da dama da suka wuce, ana ce masa Malam Haladu. Na bayan nan ku matso, ku gyara zama, domin labarin nan ina jin daɗin ba da shi.

A garin akwai wani ƙaton kamfani na abinci, irin abincin nan da ake ɗurawa a leda da kwali. Suna yin taliya, suna yin biskit, suna yin tumatirin gwangwani. Amma abin da ya ɗaga sunansu shi ne garin kunun yara mai jar leda. Birni da ƙauye, duk uwar da ke yaye ta san shi. Kamfanin kuma ba na mutum ɗaya ba ne, na masu hannun jari ne. Akwai attajirai a ciki, akwai 'yan kasuwa, akwai tsofaffin malaman makaranta da suka zuba kuɗin sallamarsu, har da mata masu adashi. Duk ƙarshen shekara sai a tara su a gaya musu yadda ciniki ya kasance, da ribar da aka samu, da abin da za a raba wa kowa.

Malam Haladu shi ne shugaban sashen awo, wato injinan da ke auna gari su zuba a leda suna ƙarƙashinsa. Mutum ne mai sanyin magana, da tsohon babur yake zuwa aiki. Amma a garin nan in ana cinikin gida ko gona, shi ake nema ya zama shaida. In aka ce Malam Haladu ne ya faɗa, to magana ta ƙare.

Sai wata shekara ta zo da wuya. Masara ta yi tsada, waken suya ya yi tsada, man da injina ke sha ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Ga kuma wasu manyan attajirai daga ƙasar waje suna son zuba jari a gina masana'anta ta biyu, amma sun ce sai sun ga ribar bana tukuna. Babban manajan kamfanin, Alhaji Munzali, matashi ne mai ƙwazo, ba mugun mutum ba ne. Abin ya hana shi sukuni. Rannan ya aika aka kira masa Malam Haladu.

Ya ce, "Baba Haladu, zauna. Na samo mana mafita. Kowace ledar garin kunu a rage mata ɗan kaɗan, kamar cokali guda. Wa zai gane cokali guda?"

Malam Haladu ya ce, "To ranka ya daɗe, za a canza nauyin da aka rubuta a jikin ledar ke nan?"

Ya ce, "A'a, rubutu yana nan yadda yake."

Malam Haladu ya ce, "In an rage, a rubuta an rage. Ko kuma a ƙara kuɗi a gaya wa mutane dalili. Duk wanda ka zaɓa cikin biyun, yau zan fara."

Alhaji Munzali ya ce, "Baba, in muka ƙara kuɗi, sauran kamfanoni za su kwashe mana kasuwa. Ka san yawan gidajen da ke cin abinci daga nan kuwa? In muka durƙushe, ina za su?"

Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe, kuma ina tausaya maka nauyin da ke kanka. Amma hannuna ba zai iya murɗa injin nan ba."

Ku saurara da kyau, jama'a. Bai ɗaga murya ba, bai buga tebur ba. Cewa kawai ya yi hannunsa ba zai iya ba.

Kafin mako ya zagayo an ɗauke shi daga sashen awo an mayar da shi ɗakin ajiyar kwalaye, can bayan masana'anta inda ba mai zuwa sai ɓeraye. Aka sa wani a madadinsa, wannan ya murɗa injin. Malam Haladu ya nemi ganin shugaban hukumar kamfanin, wani dattijo da bai cika zama a gari ba. Yau a ce ya yi tafiya, gobe a ce yana hutawa, har ya gane ba za a bar shi ya shiga ba. Bai je majalisa ya yi ta yamaɗiɗi ba, bai zagi kowa ba. Ya ci gaba da jera kwalayensa yana roƙon Allah ya kawo mafita.

Da shekara ta zo ƙarshe, sai ga Alhaji Munzali da kansa har ɗakin kwalaye, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce, "Baba, albishirinka. Kai ne gwarzon ma'aikaci na bana. Mota sabuwa za a ba ka a gaban masu hannun jari da baƙinmu na waje, kuma za ka koma kujerarka. Abu ɗaya kawai, in an miƙa maka abin magana sai ka faɗi taken kamfani, awonmu cikakke ne. Daga bakinka mutane suke son ji."

Malam Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙonka kada a sa ni faɗin wannan. In an sa ni, ba zan faɗa ba."

Alhaji Munzali ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa ya fita. A ransa yana cewa, bari dai ya ji sanyin makullin mota a tafin hannunsa.

Da Malam Haladu ya koma gida ya kwashe labari ya gaya wa matarsa Tabawa. Ku tuna, gidan da suke ciki na kamfani ne. In aka kore shi, har gidan sai sun tashi. Ita kuma tana fama da ciwon gwiwa, hawa babur wahala yake mata. Tana tsintar shinkafa, sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba, ina son motar nan. Amma da garin nan nake dama wa jikanmu kunu, kuma na lura leda ta daina kai mu inda take kai mu. Na zaci hannuna ne ya yi nauyi, har faɗa na yi wa kaina. Ka je ka yi abin da za ka iya tsayawa da shi gaban Allah. In an tashe mu, ɗakin yayana yana nan."

To, ranar taro ta zo. Jama'a, ku zo ku ga taro. Babban ɗakin taro na garin ya cika ya batse, an yi masa ado da jan ƙyalle, 'yan jarida sun kafa na'urorinsu, baƙin waje suna sahun gaba. Kowane mai hannun jari an ajiye masa kwalin kayan kamfani a kujerarsa kyauta. A bakin dandamali ga mota sabuwa fil tana walƙiya, an ɗaura mata ƙyalle.

Alhaji Munzali ya hau ya fara bayanin shekara. Ya ce duk da tsadar masara da tsadar mai, cinikin bana ya wuce na bara. Aka yi tafi. Ya ce ribar garin kunu kaɗai ta kusa ninkawa. Aka ƙara tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Ya ce rabon kowa zai ƙaru, kuma baɗi war haka an aza harsashin masana'anta ta biyu. Ɗaki ya ɗauka, mutane suka miƙe tsaye, tsofaffin malaman nan har rungumar juna suke yi. Sannan ya ce, "Yanzu ga mutumin da duk garin nan ya yarda da maganarsa. Baba Haladu, bismilla."

Malam Haladu ya hau da farar rigarsa da ta sha wanki. Aka danƙa masa makulli, aka miƙa masa abin magana. Alhaji Munzali ya ce, "Baba, gaya musu takenmu."

Malam Haladu ya dubi makullin da ke hannunsa, ya ajiye shi a kan tebur a hankali, ya ce, "Na gode da karamci, Allah ya saka da alheri. Amma wannan kalmar ba zan iya faɗarta ba."

Ya juya zai sauka. Sai wata dattijuwa ta miƙe daga tsakiyar ɗaki, Hajiya Gambo, babbar 'yar kasuwa mai shagon kayan abinci kusa da wurin, tana cikin waɗanda suka fara sayen hannun jarin kamfanin. Ta ce, "Tsaya, Haladu. Ni na san ka tun kana saurayi. Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Hajiya, ba na son in ɗora wa kowa laifi da bakina. Ga ledoji nan a kujerunku. A auna a gani."

Nan take ta aika shagonta aka ɗauko sikeli. Aka ɗora shi a kan teburin manyan baƙi, ta ciro jar leda daga kwalinta ta aza. Allurar sikeli ta tashi, ta tashi, ta tsaya ba ta kai nauyin da aka rubuta a jikin ledar ba. Wani ya ce wataƙila wannan ce kawai, ya kawo tasa. Ba ta kai ba. Mutane suka yi ta tururuwa kowa da ledarsa, ana azawa ana saukewa, babu wadda ta kai. Ɗaki ya hargitse. Waɗanda ɗazu suke tafi su ne yanzu suke cewa a kori manaja, a kira 'yan sanda. Alhaji Munzali yana tsaye gumi na zuba masa, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

To a nan nake so ku buɗe kunne. Wanda aka wulaƙanta, aka jefa ɗakin kwalaye, ga dama ta zo masa. Me ya yi? Ya sake karɓar abin magana ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri ku ji ni. Ni shaida ne yaron nan bai sa ko kwabo a aljihunsa ba. Tsoro ne ya kama shi, kada kamfani ya faɗi a sallami ma'aikata, kada ya zo gabanku hannu wofi ku ce ya gaza. Ya yi kuskure babba. Amma ku gyara awon, kada ku karya mutumin."

Aka shiga muhawara mai zafi. Wani attajiri ya ce riba dai ta riga ta shigo, a raba, a gyara daga baɗi. Hajiya Gambo ta juyo ta dube shi ta ce, "Alhaji, wannan ribar da muke yi wa guɗa daga kofin jarirai aka ɗebo ta. Ni ba za ta shiga tukunyata ba." Dattijon nan shugaban hukuma, wanda sai a ranar ya ji abin da ake ciki, ya ce a ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, na gaba da na baya, har na attajirin daga ƙarshe. Aka yanke cewa ba za a raba ribar garin kunu ba. Za a cika awo, a ƙara gyara a kowace leda har sai an mayar wa mutane abin da aka rage musu, kuma a faɗa a rediyo a nemi afuwa. Alhaji Munzali aka bar shi a kujerarsa da gargaɗi.

Baƙin waje suka tattara jakunkunansu suka fice. Masana'anta ta biyu ta sha ruwa. Motar ma aka mayar wa dila. Malam Haladu ya hau babur ɗinsa ya koma gida. Tabawa ta leƙo ta ga babur, ta ce, "Motar fa?" Ya ce, "Ta koma inda ta fito." Ta yi dariya ta ce, "To shigo, tuwo na hucewa."

Washegari da hantsi Alhaji Munzali ya yi sallama a ƙofar gidan, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ya ce, "Baba, ka tona ni kuma ka rufa mini asiri a rana ɗaya. Ka yafe mini, ka dawo kan injinanka." Malam Haladu ya kama hannunsa ya tashe shi ya ce, "Ya wuce, ranka ya daɗe. Mu je mu gyara."

Shekarar da ta biyo baya an sha wuya, rabon da aka yi ɗan kaɗan ne. Amma labari ya zaga kasuwanni, iyaye mata suka riƙa cewa a ba su na kamfanin nan da ya faɗi gaskiya a kan kansa. Ciniki ya dawo, ya wuce inda yake a da, daga baya suka gina masana'antar da kuɗinsu. Kuma tun daga ranar, duk taron shekara sai an fara auna leda a gaban kowa kafin manaja ya buɗe baki ya faɗi riba. Shi kuwa Malam Haladu bai yi kuɗi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma ranar jana'izarsa sai da aka rufe kasuwa.

'Yan uwa, abin da nake so ku tafi da shi ke nan: ribar da aka samu ta hanyar tauye haƙƙin wani ba riba ba ce, ko da duniya duka ta tafa mata. Allah ya yi mana kashedi mai tsanani a kan tauye mudu, kun sani. Kada wani ya ce ai ni ba ni da kamfani. Kai tela da ke rage yadin mutane, da kai magini da ke rage siminti, da kai ma'aikaci da ke zuwa a makare ka tashi da wuri, da ni malami in na rage wa ɗalibai karatu, kowannenmu yana da injin da ake ce masa ya ɗan murɗa, wa zai gane. Ranar da aka ce maka haka, ba sai ka yi faɗa da kowa ba. Ka ce hannunka ba zai iya ba. In kuma gaskiya ta ɗora ka a kan wanda ya cuce ka, ka sassauta masa. Allah ya ba mu ikon cika awo, ya sa mu gama da duniya lafiya.