Zinariyar Gottfried a Kan Farantin Kek

Jikokina, akwai wani dattijo a garinmu, kusa da Stuttgart, sunansa Gottfried. Shi da amininsa Dietmar suna cikin ƙungiyar masu tara tsoffin kuɗin zinariya, tun na zamanin da kowace ƙasar Jamus ke da sarkinta.

Abin alfaharin Gottfried tsaba ɗaya ce ta gwaji, irin wadda ake bugawa a nuna wa sarki, in bai so ba, a fasa buga irinta. Ko taɓa ta ba ya yi sai da farar safar hannu.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya ce wa matarsa Hannelore in ya rasu ta ba Dietmar kyauta.

Ranar jana'iza aka zauna shan kofi da kek tare da 'yan ƙungiya bayan an dawo daga maƙabarta. Tsabar tana cikin jakarta, tana jiran mutane su ragu.

Sai ga Dietmar ya jawo kujera, bakinsa cike da kek. Bai ko yi mata ta'aziyya ba. Ya raɗa mata cewa tsabar nan ba kuɗin gaske ba ce, tunda ba a taɓa kashe ta ba.

"Marigayi dai ya ruɗi kansa, Hannelore. Kawo in rage miki tarkace."

Ƙasar kabarin ma ba ta bushe a takalminsa ba. Ta so ta hana shi, amma alkawarin mamaci ya ɗaure ta.

Ta miƙe, ta maimaita wa 'yan ƙungiya maganar mijinta, sannan ta maimaita ta Dietmar, ba ta rage komai ba. Ta ɗora tsabar a farantinsa, cikin ɓurɓushin kek.

"Ga tarkacenka. Goge bakinka tukuna."

Jikokina, wallahi mutumin nan ya ɗauka ya sa a aljihu.

Yana da ita har yau. Sai dai mai tara irin waɗannan abubuwa, daɗinsa ya nuna wa waɗanda suka san su. Duk ranar taro yakan fito da ita, kowa ya juya ga kofinsa. Babu wanda ya sake ce masa, "Mu gani."

Darasi: Kwaɗayi yakan sa mutum ya saci abin da dama nasa ne, ya rasa mutanen da za su taya shi murna. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.