Taswirar Gonar Dodanniya

To, ku matso kusa, ku ajiye surutu, ga wata na kawo muku. In na kai ƙarshe, ku za ku raba gardama.

A wani gari an yi abokai uku, magidanta da gemunsu: Nomau dogo, Shekarau tela, da Jatau mai baki. Kullum bayan la'asar sai su kewaye teburin yankan Shekarau suna wani wasa da Jatau ya koyo a birni. Takarda ake shimfiɗawa mai zanen gari, taswira suke ce mata. Kowa ya ɗauki murfin kwalba ya ce jaruminsa ke nan. Jatau na ba da labari, su kuma suna jefa ƙwayar lido, abin da ta nuna shi ne takun da jarumi zai yi. Dokar wasan ɗaya ce: abin da ba ya kan takarda, babu shi. Da musu ya ishe su, wannan ya ce akwai rijiya a nan, wancan ya ce ƙarya ne, sai suka ce bari su zana garinsu shi kansa, kada a bar ko turken jaki.

A garin akwai Gwaggo Tabawa. Mijinta ya rasu ya bar mata gona a bakin rafi, ita da marayunta. Mace ce mai riƙe kanta, ba a taya kayanta sau biyu, ba a kuma taka mata shuka a koma gida lafiya. Da 'yan wasan suka rasa dodon labarinsu, sai suka sa ta.

Nomau aka tura ya auno gonar da ƙafa. Ya tsaya gindin tsamiyar da ke tsakiya, ya fara taku yana ƙirgawa, sai ga Gwaggo da muciya. Ya ranta a na kare, amma bai bar ƙirga ba. A taku na sittin da biyu ya yi tuntuɓe da tsohon dutsen niƙan da marigayi ya binne a kan iyaka, farcensa ya fita. Ya dawo yana ɗingishi, da lissafinsa a baki.

Shekarau ya zana a bayan takardar buhun siminti. Bai bar komai ba: tsamiya, suri, jerin gambar da ke kan iyaka, da wani ɗigo da ya rubuta wa "Dutsen Tuntuɓe, taku sittin da biyu gabas". Abokan suka ce wa zai damu da dutse? Ya ce shi tela ne, ba ya barin riga babu maɓalli. A tsakiya kuma ya zana Gwaggo da haure biyu, ya rubuta "Gonar Dodanniya".

Da damina ta yi nisa, rafi ya cika ya share gambar, laka ta rufe komai. Sai ƙanen marigayi, Sallau, wanda gonarsa ke gabas, ya shigo da garma ya cinye kunya goma sha biyu, ya ce nan iyaka take tun kakanni. Gwaggo ta kai ƙara wurin dagaci. Dagaci ya ce shaida. Ta ce akwai dutse. Sallau ya ce ta nuna. Aka tona nan, aka tona can, babu. Rabin abincin marayu ke nan zai tafi. Sai ta tsaya gaban jama'a ta ce duk wanda ya fito mata da dutsen nan, ragonta na turke nasa ne.

Abokan suka tuna dutsen yana kan taswirarsu. Nomau da Shekarau suka ce a ƙone takarda, don in Gwaggo ta ga hauren nan, gara a rasa rago. Jatau ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya kai gaban dagaci, ya shimfiɗa, ya ɗora hularsa a kan zanen Gwaggo mai haure. Aka ɗungumo gona, aka sa Nomau ya taka sittin da biyu daga tsamiya. Aka tona, babu komai. Sallau ya fashe da dariya.

Jatau ya dubi dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba da tafiya aka auna ba." Ya mayar da Nomau gindin tsamiya, ya sake shimfiɗa takarda, wannan karon babu hula a kai. "Gwaggo, kin gane wannan?"

"Wace ce wannan mai haƙoran gyado?"

"Ke ce. Nomau ne ya ce a ƙara tsawonsu."

"Ni? Wallahi Gwaggo..."

Ba ta jira ba, ta fizge sandar dagaci. Nomau ya zura gabas, yana ihu yana ƙirgawa. A na sittin da biyu ya kife, ɗaya farcen ya fita. Aka kwashe laka, ga dutsen niƙa, can cikin kunyoyin Sallau. Sallau ya ɗauki garmarsa bai yi wa kowa sallama ba.

Da yamma su ukun suka zo ƙofar gidanta. Gwaggo ta fito da rago ta ce, "Mutum ɗaya na ce, rago ɗaya na ce. Ba a yanka shi, ba a raba shi, igiyar kuma tawa ce, a dawo min da ita. Takardar nan ma na riƙe, sai an gyara min baki a zanen."

Nomau ya ce ƙafarsa ce ta san dutsen, ga farce biyu shaida. Shekarau ya ce ba don ya zana ɗigon da suka raina ba, da kowa ya manta. Jatau ya ce da ya bi tasu, da takardar ta zama toka, kuma shi ya tuna cewa da gudu aka auna.

Rago na nan a tsaye yana cin harawa. To, ku faɗa min, a hannun wa Gwaggo za ta sa igiyar nan?