Jitar Baba Mantau

Ku gyara zama, ga wata nan sai kun raba mana gardama.

A wani gari an yi wani tsoho makaho, Baba Mantau, mai wata jita da ta girmi 'ya'yansa duka. Jikinta ya yi baƙi da gumi, ga tsaga an liƙe da danƙo. Amma katakonta ya bushe ya nuna, in ya taɓa ta sai amo ya fito da kauri da taushi, kamar dattijo na magana a zaure. Tun da idonsa ya tafi, ita ce abokiyar hirarsa.

Ana nan aka yi masa jika, surukai za su zo suna daga birni, shi kuma zai kaɗa musu jita. 'Ya'yansa uku suka dubi jitar, kunya ta kama su.

Sallau, babban, ya tafi kasuwa ya sayo sabuwa dal, tana ƙyalli kamar madubi.

Barau, na tsakiya, kafinta ne. Don kada hannun tsoho ya gane, ya goge wuyan sabuwar har ya yi ɗan kwarmi inda babban yatsa ke zama. Ya ɓalle maɗauran tsirkiyar tsohuwar ya dasa mata, garin haka tsohuwar ta dare biyu.

Tabawa, auta, ita ce ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, don haka ita aka ba ta miƙa masa ranar suna. Tsoho ya shafa, ya ce, "Auta, ita ce kuwa?"

Ta ce, "Ita ce, Baba."

Ya kaɗa. Amo ya fito siriri, ƙarau, kamar an buga sabon kwano. Surukai suka ce, "Kai, madalla!" Shi kuwa ya sake kaɗawa, ya karkata kai yana saurare. Sannan ya kwantar da ita a tabarma a hankali.

Ya ce, "Jama'a, ku yafe ni. Ashe kunnen ma ya bi idon."

Bai ƙara taɓa tsirkiya ba. Kullum yana zaune, yana tambayar ko akwai maganin kunne, 'ya'yan kuma kowa na kallon ƙasa.

To, jama'a, dole ɗaya ya durƙusa ya faɗa masa kunnensa lafiya lau. Mai saye, mai gogewa, ko mai cewa "ita ce": wa ya fi cancanta ya ɗauki wannan kunya?