Bushiya da Leshin Haya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, muna saurare.

Bushiya ce ta ƙwallafa rai sai ta sa ɗinkin Dawisu, telan manya, ranar bikin 'yar Zomo, alhali ko na cefane ba ta da shi. Sai ta nufi rumfar Dila, mai ba da hayar kaya.

Dila ya ce, "Ƙanwata, ga leshi ɗinkin Dawisu, haya zan ba ki. Amma zare ɗaya ya ja, kin saya."

Bushiya ta dubi ƙayar jikinta. Ta koma gida ta ce, "Inna, fige ni."

"Ke 'yar nan, da me za ki tare Kura?"

"Biki za ni, Inna, ba daji ba."

Uwar ta fige ta tana hawaye.

Bushiya ta sha leshi, aka yi ta yi mata guɗa a wajen biki. A hanyar gida sai ga Kura. Bushiya ta dunƙule yadda ta saba, amma babu ƙaya ko ɗaya.

Kura ta ce, "Tuɓe tukuna, 'yar gayu, kada in ɓata wa Dila kaya."

Washegari leshin na rataye a rumfar Dila, wata bushiyar tana shafa shi.

Ƙurunƙus kan ɓera. Ku tashi, wuta ta mutu.