Ƙulli Goma Sha Huɗu a Igiyar Ciɗo

A Takanamat an yi wani mahaƙin rijiya ana ce da shi Ciɗo. Shekara talatin yana shiga ƙasa yana fito da ruwa, duk arewacin Adar ba wanda ya fi shi sanin sana'ar. Aibinsa ɗaya ne: bakinsa bai iya cewa "na kasa" ba.

Wata shekara rijiya ta rufta da shi. Rairayi ya kama shi har ƙirji, ya wuni a ciki kafin a zaro shi. Jiki ya warke. Amma daga ranar, ko leƙa rijiya ya yi sai gabansa ya hau faɗuwa, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo masa. Ya ce wa mutane ciwon baya ne. Aiki ya koma hannun ƙanensa Ma'azu, magidanci mai 'ya'ya huɗu.

Matar Ciɗo, Hajaratu, ba ta yarda ba. Ta ce, "Maigida, ciwon baya ba shi sa mutum kewaye rijiya kamar ya ga kura. Mu tahi Tawa."

A wani asibiti a Tawa aka auna zuciyarsa, aka ga lafiya lau. Aka tura shi wurin Madam Aminata, mai maganin damuwa da fargaba ta hanyar magana da horo.

Ta ce, "Baba, in ka leƙa rijiya, mi zuciyarka ka ce maka?"

"Za ta rufe ni."

"Rijiya nawa ka shiga a rayuwarka?"

"Ɗiyata, wa ya ƙidaya? Sun hi ɗari biyu."

"Nawa sunka rufe ka?"

Ya ce, "Guda."

Ta bayyana masa cewa duk ranar da ya guji rijiya, tsoron ƙara ƙiba yake yi. Maganinsa a matsa kusa kaɗan-kaɗan, a tsaya har faɗuwar gaba ta lafa da kanta. Ta ce ya zaɓi rijiya mai siminti wadda ba ta zubewa. Ya fara da zama a bakinta, sannan ya zura ƙafa, sannan a ɗaure shi a sauke shi zurfin gaba guda, daga baya gaba biyu. Da yake ba ya rubutu, ta ba shi guntuwar igiya, ta ce duk ranar da ya yi aikin ya yi ƙulli, ya dawo bayan mako biyu.

Ranar farko ya je. Yana zama a bakin rijiyar, jikinsa ya ɗauki ɓari. Wata mai ɗiban ruwa ta ce, "Baba Ciɗo, lahiya? Guga ya faɗa maka, ko kai ka shirin faɗawa?"

Mata suka kwashe da dariya. Ciɗo ya miƙe ya tafi bayan gari, ya zauna gindin aduwa, ya yi ƙullin farko. Haka ya yi kullum har kwana goma sha huɗu.

Da ya kai igiyar, Madam Aminata ta dube ta, ta dube shi. "Ranar da anka sauke ka gaba biyu, yaya ka ji?"

"Ban ji komi ba."

"Ko kaɗan? Baba, in akwai ranar da ba ka yi ba, hwaɗa mini. Ba jarrabawa ba ce. Sai mu rage, mu sake."

Ya haɗe fuska. "Na haife ki. Ni za ki ce ma maƙaryaci?"

Ya fita, bai koma ba. Ranar kasuwa ya shaida wa kowa ciwon bayan nan ya warke.

Da rani ya tsananta, wani makiyayi mai suna Aghali ya zo neman a yashe masa tsohuwar rijiya mai gaba talatin, dabbobinsa suna ƙishi. Ka'idar masu haƙa ce, ba a shiga irin wannan sai da gwani a sama wanda zai bi mutum in abu ya ɓaci.

Ma'azu ya ce, "Yaya, rijiyar ga ba ta yi mini ba. In ba ka iya shiga, in nemo wani daga Tebaram."

Ciɗo ya jefa masa igiyar nan mai ƙulli. "Ƙidaya. Ina raye za ka nemo baƙo?"

Ma'azu ya shiga. Rana ba ta kai tsaka ba aka ji rugugi, ƙura ta taso daga ciki. Sai murya daga can ƙasa: "Yaya! Dutse ya danne mini ƙafa! Yaya!"

Aka ɗaure Ciɗo. Aka sauke shi gaba guda. Hasken sama ya fara tsukewa. Gaba biyu. Ƙirjinsa ya toshe, hannuwansa suka ƙame a igiya, ya ji rairayin nan na bara har wuya.

"Ku ja ni! Don Allah ku ja ni!"

Aghali ya ce, "Ɗan'uwanka na ƙasa, Ciɗo!"

"Ba ni iyawa! Tun da ta rufta da ni ban sake shiga ba! Ƙullin nan ƙarya ce!"

Aka jawo shi, ya zube a ƙasa yana haki. Sauran mutanen makiyaya ne, ba wanda ya san yadda ake ɗaga dutse a gindin rijiya ba tare da ta ƙarasa ruftawa ba. Aka tura mai moto, wato babur, Tebaram neman mahaƙi. Kafin mahaƙin ya iso la'asar ta yi, kiran Ma'azu ya koma nishi. An fito da shi da rai. Ƙafar kuwa sai da aka yanke ta a Tawa.

Da Ma'azu ya farfaɗo ya ga Ciɗo tsaye, bai zage shi ba. Ya ce, "Yaya, na tambaye ka fa."

Ciɗo ya fita, ya nufi ɗakin Madam Aminata. Ya zauna gabanta ya kwance ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Daga ina za mu fara?"

Ta ce, "Daga bakin rijiya."

Bayan wata biyar ya iya shiga gaba talatin. Ma'azu yana tafiya da sanda har yau.

To, mai karatu, buɗe kunnenka. Tsoro ba abin kunya ba ne, ciwo ne, kuma yana da magani. Amma maganin ba a haɗiye shi, yin sa ake yi, kaɗan-kaɗan, ko ana maka dariya. In ka kasa, ka ce ka kasa, a rage maka. Wanda ya yi wa mai magani ƙarya bai cuci mai magani ba. Ranar da buƙata ta zo jikinsa zai faɗi gaskiya, kuma wanda ya dogara da shi ne zai sha wuya.